Daga Kalakla zuwa Gadarif: labarin gida da labarin kaya

Muna miƙa gaisuwar zumunci ga iyayenmu da 'yan'uwanmu masu karanta wannan mujalla a Maraɗi, Damagaram, Yamai, Katsina da duk inda take isa. Da yawa daga cikinku sun yi ta aiko da tambaya tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan: ina kuke, wa ya rayu, wa ya rasu, yaya gidan Kalakla? Mun daɗe ba mu amsa ba, domin labarin ya fi ƙarfin saƙon waya. Yanzu da Allah Ya nufa kayanmu sun sauka lafiya a Gadarif, mun ga ya dace mu zauna mu ba da labarin daga tushe, yadda na nesa zai ji kamar ya gani.

Ga waɗanda ba su san asalinmu ba, mu jikokin mahajjatan ƙasa ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina da matarsa da jaki guda, da niyyar sauke farali. Suka bi hanyar da dubban Hausawa suka bi kafin su: Borno, Fort Lami, Abeshe, Adare, Jinaina, Fashir, Ubayyid, har bakin Kogin Nilu. A wancan zamani mahajjaci yakan tsaya ya yi noma ko ƙwadago shekara ɗaya ko biyu, ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Kakanmu ya tsaya a gonakin audugar Jazira, waɗanda aka buɗe bayan gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. Ya haye teku daga Sawakin ya yi hajjinsa, ya dawo da niyyar komawa gida, amma haihuwa da noma suka riƙe shi. Ya tarar da 'yan'uwa birjik, domin tun bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Har yau ana magana da Hausa a can, haka nan a wasu unguwannin Gadarif, Kasala, Damazin da Wad Madani.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, tela ne. Da kuɗin ɗinki ya sayi fili a Kalakla, unguwar da ke kudancin Khartum a gefen Farin Nilu, kan hanyar Jabal Auliya. Ya fara da ɗaki guda na jar ƙasa, ambaliyar watan Agusta na 1988 ta rushe shi, ya sake tayar da shi da jan bulo. A nan aka haife mu, mu biyar: maza biyu, mata uku. A 2020 kogi ya sake yin cikar da ta wuce ta 1946 da ta 1988, ma'aunin Khartum ya haura mita 17 da rabi, ruwa ya ci gidaje a Kalakla. Mun kwana da samarin unguwa muna cika buhuna da ƙasa muna tare ruwa, gidan ya tsira. A lokacin mun ɗauka mun ga iyakar jarrabawar da gida zai iya gani.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, muka tashi da ƙarar manyan bindigogi, faɗa ya kaure tsakanin sojojin ƙasa da dakarun kai ɗaukin gaggawa. Baba ya ce rigimar manya ce, ba za ta wuce sallah ba. Ƙaramar sallah ta zo ta wuce, ruwan famfo ya ɗauke, wuta ta ɗauke, kasuwar Laffa ta zama wurin da mutum yake zuwa da ransa a hannu. Abin da ya fitar da mu shi ne maganin ciwon sukari na Baba, wanda ba ya zama sai a wuri mai sanyi, ga shi kuma ya yi wuyar samu. A watan Yuni, ana saura kwanaki babbar sallah, muka kulle ƙofa, muka miƙa wa maƙwabcinmu makulli, muka fita da jaka bibbiyu. Inna ta rufe kabad ɗinta da tsohon zane don kada ƙura ta shiga, ta ce mako biyu ne mu dawo.

Mun yi wata shida a Wad Madani, a gidan wani ɗan'uwan Inna. A watan Disamba na 2023 yaƙi ya biyo mu can, garin ya faɗi, muka sake ɗaukar jakunkuna muka yi gabas tare da dubban mutane, wasu a mota wasu a ƙasa, har Gadarif. Gwaggonmu ta ba mu ɗaki biyu a gidanta, ba ta taɓa nuna mana gajiya ba. Amma tafiyar ta karya jikin Baba. A watan Sha'aban, wato Fabrairu na 2024, Allah Ya karɓi abinsa bayan sallar asuba, aka rufe shi a Gadarif. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi cikin addu'a. Maganarsa ta ƙarshe game da dukiya ita ce: "Ku kula da keken ɗinkina, da shi na ciyar da ku."

Sauran labarin gida da daɗi da ba daɗi. Babbar yayarmu mace, wadda take aure a unguwar Saura a arewacin Ummu Durman, ba ta fita ba sam. Ita da maƙwabtanta suka riƙa dafa wake da kunu a tukunyar taimako, wadda mutanen Sudan ke kira takiyya, suna ciyar da duk wanda ya zo da kwano. Allah Ya kare ta da 'ya'yanta, ko da yake harsashin igwa ya faɗa gidan da ke bayan nasu. Ƙanwarmu ta haifi ɗa namiji a Gadarif, aka mai da sunan Baba. 'Yar babban yayanmu ta zauna jarrabawar kammala sakandare da aka ɗage saboda yaƙi, aka yi ta a ƙarshen Disamba na 2024, ta kuma ci. Mazan biyu sun sami abin yi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, inda ake cinikin riɗi da dawa, ɗaya yana rubuta buhuna, ɗaya yana ɗinkin su. Ɗan tela ba ya rasa allura.

Sojoji sun karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairu 2025, a ƙarshen watan Maris kuma suka karɓe Khartum, har da Kalakla da Jabal Auliya. Daga nan mutane suka fara komawa duba gidajensu, mu ma maganar ta taso a tsakar gida. Babban yayanmu yana son a koma gaba ɗaya, ya ce gidan uba ba abin yasarwa ba ne. Auta ya ce abincinmu yanzu yana Gadarif, kuma masu dawowa daga Kalakla suna ba da labarin rashin ruwa da wuta, ga cutar amai da gudawa da ta addabi Khartum a watan Mayu. Aka yi ta ja-in-ja har Inna ta raba gardama. Ta ce: "Ni dai inda kabarin ubanku yake, nan zan zauna. Ku je ku kwaso mini kayana in sun saura, gida kuma kada a sayar." Daga wannan rana shiri ya koma na ɗauko kaya.

Ba mu tashi nan da nan ba. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, da damina babbar mota ba ta shiga lungunan unguwa, don haka muka jira ruwa ya ɗauke. Kafin nan muka zauna da wani malami ya fayyace mana abin da yake gādo da abin da ba gādo ba, domin kaya idan sun hau mota sun cakuɗe, daga baya rabuwa takan zama rigima. Ya ce kayan ɗakin Inna, wato gadonta da kabad da kwanonin jere da duk abin da iyayenta suka kawo ta da shi ko ta saya da kuɗinta, nata ne ita kaɗai, ba ya shiga rabo. Abin da Baba ya mallaka, gida da keken ɗinki da littattafai da sauran tarkace, shi ne abin rabo. Inna tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas. Sauran kashi bakwai namu ne: kowane namiji kashi biyu, kowace mace kashi ɗaya. Lissafin ya faɗa daidai ba ragowa. Muka ɗauko littafin makaranta, Inna tana faɗa muna rubutawa, ɗaki bayan ɗaki, har muka cika shafi huɗu da abin da muka bari a Kalakla.

A watan Nuwamba na 2025 muka kama hanya, wata ashirin da tara bayan fitarmu. Muka sauka Ummu Durman wajen Yaya, muka kwana ana kuka ana dariya. Washegari muka haye Farin Nilu ta gadar Fitehab, muka yi kudu ta Lamab da Shajara da Azuzab. Hanyar da muka sani kamar tafin hannu ta koma baƙuwa: ƙonannun motoci a gefen titi, gine-gine da huda, an tone ƙasa an zare wayoyin lantarki saboda jan ƙarfen da ke ciki. A wasu filayen da yara suke buga ƙwallo mun ga tudun kaburbura, domin a tsakiyar yaƙi ba a iya kai gawa maƙabarta.

Ƙofar gidanmu babu ita, maƙwabcinmu ya toshe wurin da kwanon rufi da ƙaya. Wannan bawan Allah, dattijo ne ɗan ƙabilar Ja'aliyyin, shi da Baba sun yi maƙwabtaka sama da shekara talatin, bai bar unguwar ba ko da kwana ɗaya. Ya rungume babban yayanmu ya daɗe bai ce komai ba. Kafin mu shiga ya gargaɗe mu kada mu taɓa wani ƙarfe da ba mu sani ba, kada mu ƙone shara a tsakar gida, domin an sha samun harsasan da ba su fashe ba a cikin juji. Sa'an nan ya miƙo mana makullin da muka ba shi, ya ce: "Ga amanarku, 'ya'yana. Ƙofar da yake buɗewa ce ban iya tsarewa ba."

Masu bindiga sun zauna a gidan wata da watanni. Muka buɗe littafin Inna muna bi layi layi. Firji babu, talabijin babu, tukunyar gas babu, fankoki an kwance su daga rufi, katifu sun tafi, har wayoyin cikin bango an fizge. Keken ɗinkin Baba ma babu, sai sawun ƙafafunsa huɗu a kan siminti, inda ya zauna shekara da shekaru. Auta ya durƙusa a wurin ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Abin da ya saura shi ne abin da ɓarawo ya raina: turmi da taɓarya, randunan ruwa biyu da ake kira zir, farantin ƙarfe na gasa kisra, kujerun tsuguno, da kabad ɗin Inna wanda nauyinsa ya hana a ɗauka, an fasa gilashinsa, kwanonin jere rabi sun tafi. Adakar ƙarfe ta Kaka, wadda ta zo a bayan jaki daga ƙasar Hausa, an ɓalle ta an zazzage, da aka ga tsofaffin zannuwa ne da allo aka watsar. Littattafan Baba, su Ahalari da Iziyya da Risala, gara ta ci gefensu amma ana karantawa.

Abin da ba mu zata ba shi ne mu tarar da kayan da ba namu ba. A ɗakin baƙi akwai kujerun kushin shida, da ƙaramin kabad na yara cike da littattafan makarantar wata yarinya, da buhun tukwane, da kuma keken ɗinki, sabo fil, ya fi na Baba kyau nesa ba kusa ba. Waɗanda suka zauna a gidan sun mai da shi wurin tara abin da suka kwaso daga gidajen mutane, da gudu ya zo suka bar wanda ba su iya ɗauka ba. Mun ji daga baya cewa gidaje da yawa a Khartum haka aka same su: naka ya tafi, na wani ya zo.

A nan ne zuciya ta fara saƙa. Auta ya dafa keken ya ce: "Yaya, wannan ai musanya ce daga Allah. An ɗauke namu, an kawo mana wani har ɗaki. Wa zai zo nema?" Ba mu ga laifinsa ba, domin kowannenmu ya yi wannan tunani a ɓoye. Da wannan keke Auta zai bar ɗinkin buhu ya buɗe shago, ya ɗauke wa gida nauyi. Kujerun kuma za su rufa mana asiri a Gadarif, inda baƙo yake zama a tabarma. Ga mota za mu biya kuɗinta cikakke ko ta cika ko ba ta cika ba. Babban yayanmu bai amsa ba, sai ya kira Inna a waya ya faɗa mata. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce a ba Auta wayar. Muna jin muryarta: "Auta, yadda ka tsuguna kana kuka a kan sawun keken ubanka, haka wani yake tsugune a gidansu yana kuka a kan sawun wannan. Kada ka kawo mini hawayen mutane cikin ɗaki."

Bayan sallar la'asar muka sami limamin masallacin unguwa. Ya ce tambayar ta zo masa fiye da yadda zai ƙirga. Bayaninsa shi ne kayan ƙwace ba sa fita daga mallakar mai su don sun sauya hannu ko sun sauya ɗaki, kuma asarar da aka yi maka ba ta halatta maka dukiyar wanda shi ma aka zalunta. Wanda ya sami irin wannan a gidansa hukuncin tsintuwa ne a kansa: ya adana, ya yi cigiya shekara guda a inda ake zaton mai shi zai ji, kamar ƙofar masallaci da kasuwa, kuma kada ya bayyana dukkan alamomin kayan, domin mai shi na gaskiya shi ne zai faɗi alamar da ba a faɗa ba. Ya ƙara da cewa ɗauke kayan zuwa wani gari ya saɓa wa manufar cigiya, tun da mai su a Khartum zai nema, ba a Gadarif ba. Haka nan ya ja kunnenmu game da kasuwannin da suka tsiro lokacin yaƙi, inda ake sayar da firji da gado a kuɗin banza. Ya ce araha irin wannan ita kanta shaida ce.

Samarin unguwa sun riga sun ware ɗaki a harabar masallaci don irin waɗannan kaya, da littafin da ake rubuta abin da aka kawo, da gidan da aka same shi, da ranar. Muka ɗauko amalanken jaki, wanda a nan ake kira karo, muka kai komai. Auta da kansa ya ɗauki kan keken a kafaɗa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Aka ɗauki hotuna aka sa a zauren WhatsApp na mutanen unguwa, wanda ya haɗa na gida da waɗanda suke Masar, Bur Sudan da Saudiyya. Kabad ɗin yara bai kwana uku ba aka gane shi, saboda sunan yarinyar da ke jikin littattafan. Gidansu yana bayan namu da layi huɗu. Mahaifinta ya kira daga Alƙahira, ya ce ba katakon ne ya dame shi ba, a ciki akwai takardar haihuwarta da sakamakon makarantarta, waɗanda rashinsu ya hana a ɗauke ta makaranta a can. Muka duba ƙarƙashin littattafan, ga su a cikin leda. Keken ɗinki kuwa, har ranar da muke wannan rubutu mai shi bai bayyana ba, yana nan a ɗakin masallaci.

Daren nan maƙwabcinmu ya kira mu gidansa, ya ce yana da magana biyu. Ya shige ɗaki da mu, ya yaye wata tabarma: ga gadon ƙarfe na Inna, na aurenta, a kwance gunduwa gunduwa. Ya ce da ya ga an fara fasa gidaje, shi da ɗansa suka tsallaka katanga da dare suka kwance shi suka ɓoye, tare da takardun filin gidan da ya samu a ƙarƙashin katifar Baba. Ya yi niyyar komawa ya ɗauko keken washegari, sai ya tarar an riga an shiga gidan. Magana ta biyu ta fi nauyi. Ya ce akwai gadon igiya na Baba, angarib, wanda yake kwanciya a kai a tsakar gida da zafi. A al'adar Sudan a kan irin wannan gado ake ɗaukar mamaci. Da mace-mace suka yi yawa, musamman bayan harin jirgin sama da ya kashe mutane aƙalla 20 a Kalakla Ƙubba a farkon Satumba na 2023, sai ya ɗauko shi ba da izininmu ba, aka yi ta kai bayin Allah makwancinsu a kansa. Ya ce: "Na yi amfani da abin da ba nawa ba, ku yafe mini." Babban yayanmu ya kama hannunsa ya ce: "Baffa, mu ne da godiya." A wurin muka yi shawara, mu magada, da Inna a waya, muka bar angarib ɗin a masallaci sadaka ga Baba.

Sauran kwanakin na shirin mota ne. Saboda yawan sata, a lokacin ba a fita da kayan gida daga unguwa sai da takarda. Muka rubuta jerin kayan kofi uku, kwamitin unguwa ya sa hannu, maƙwabta biyu suka yi shaida cewa namu ne, aka buga hatimi wajen hukuma. A nan littafin Inna ya yi rana, haka ma tsofaffin hotunan biki da ke wayoyinmu, inda kabad da gadon suka fito a bayan amarya. Muka yi ciniki da mai wata matsakaiciyar motar kaya, irin wadda ake kira daffar, muka haɗa da wani iyali da za su sauke nasu a Wad Madani don kuɗin ya yi sauƙi. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600, a lokacin tafiyarmu ta haura fam 3,000 a kasuwar bayan fage, don haka kuɗin motar kaɗai ya cinye abin da mazan biyu suka tara tun kaka. Rabi muka biya ta manhajar Bankak, muka ajiye rabi sai kaya sun sauka.

Wajen lodi muka bi shawarar direba. Masu nauyi a gaba kusa da kai: kabad a tsaye, an cire ƙofofinsa an naɗe da barguna, sai adakar Kaka da turmi. Ƙarafan gado a kwance a gefe, an ɗaure su wuri guda, kusoshinsu a ƙulle cikin tsumma a aljihun babban yayanmu. Randuna a cikin tsofaffin tayoyi, an cusa musu zannuwa. Kayan waɗanda za su fara sauka a baya, don kada a sauke namu a hanya. Aka rufe da tamfol aka ɗaure da igiya, aka bar kusurwa ɗaya mai sauƙin buɗewa saboda masu bincike. Gidan kuma muka sa masa ƙofa, muka ba ɗan maƙwabcinmu da iyalinsa su zauna ba haya, domin nasu ya rushe, gida kuwa ba ya lafiya sai da mutum a ciki. Aka rubuta yarjejeniya a gaban liman, kowa ya riƙe kofi.

Muka tashi bayan sallar asuba. Daga Khartum zuwa Gadarif tafiyar wajen kilomita 410 ce: Soba, Kamlin, Hasahisa, Wad Madani, a haye Shuɗin Nilu ta gadar Hantub, sai Fawu, sai Gadarif. A da mota takan yi ta cikin yini guda da sauran rana. Mu kwana muka yi a Madani, saboda shingayen bincike da ramukan hanya, kuma direba ya ce ba ya tafiyar dare. A kowane shinge aka karɓi takarda aka duba, wani wuri aka ɗaga tamfol aka ƙirga. A wani shingen jami'in ya karanta jerin, ya leƙa motar, ya ce: "Wannan ne duka?" Muka ce shi ke nan. Ya ce Allah Ya mayar da alheri. Auta ya faɗa mana daga baya cewa a wannan lokacin ne ya gode wa Allah da babu keken nan a cikin motar, domin da an tambaye shi na wane ne, bai san da wane baki zai amsa ba.

Mun isa Gadarif da la'asar ta biyu. Daga shafi huɗu na littafin Inna, abin da ya sauka bai cika shafi ɗaya ba, randa guda kuma ta fashe a hanya. Inna ta zagaya kayan tana taɓa kowanne. Da aka ɗaura gadon ta zauna a bakinsa ta yi shiru. Sa'an nan ta sa aka buɗe adakar Kaka, ta fito da allon, ta miƙa wa ƙanwarmu ta ce a ajiye wa mai sunan Baba. Washegari da safe muka ji ƙarar turminmu a tsakar gidan Gwaggo, maƙwabta suka shigo yi mana barka. Game da rabo, 'yan'uwa mata uku suka ce sun bar wa Auta kasonsu na tarkacen da ya saura, aka sayar da abin sayarwa, babban yayanmu ya cika, aka saya masa tsohon keke na hannu a kasuwar Gadarif daga wani tela da muka san shi muka san asalin kekensa. Ya kafa shi a ƙofar gida, ɗinkinsa na farko rigar makarantar 'yar Yaya ce.

'Yan'uwa, mun san wasunku ma sun ɗanɗana barin gida ba shiri, ko saboda ambaliyar 2024 da ta yi ɓarna a Maraɗi da wasu sassan Nijar, ko saboda 'yan bindiga a ƙasar Katsina da Zamfara. Abin da muka koya muna ba ku kyauta. Ku rubuta abin da kuka mallaka tun ana zaman lafiya, a san na miji a san na mata. Takardun fili da na haihuwa da na makaranta su zauna a jaka guda da za a iya ɗauka cikin duhu, a kuma ɗauki hotonsu a aika wa ɗan'uwa a wani gari. Ku kyautata wa maƙwabci, domin takardun gidanmu da gadon mahaifiyarmu ba kwaɗo ne ya tsare su ba. Idan kuma Allah Ya jarrabe ku da samun kayan wani a ɗakinku, ku kai inda mai su zai gan su.

Inna tana gaishe da kowa, musamman danginta na Tasawa da na Jibiya, ta ce a faɗa musu tana nan da ƙarfinta. Duk mai zuwa Sudan ya sani muna Gadarif yanzu, gidan Gwaggo, a tambayi gidan tela. Allah Ya jiƙan mahaifinmu da dukkan waɗanda aka ɗauka a kan angarib ɗinsa, Ya saka wa maƙwabcinmu da Aljanna, Ya haɗa mai keken nan da kekensa, Ya zaunar da Sudan da ƙasashenmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.